Yaƙi da leda: yadda yara biyu suka motsa tsibirin Bali, da darasin da ke ciki gare mu



Ƴan uwa masu karatu, iyaye da ɗalibai, duk wanda ya fita bayan gari a lokacin hunturu ya san abin da idonsa zai fara cin karo da shi. Aduwa da bagaruwa da magarya duk sun yi baƙi ƙirin, kai ka ce tsuntsaye ne suka sauka a kansu, alhali kuwa leda ce iska ta kwaso daga cikin gari ta rataye a ƙaya. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa ƙasarmu Nijar tana da doka a kan wannan leda ba. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka kafa dokar da ta hana ƙera leda maras kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita, da ajiye ta. To ga doka, ga kuma leda ko'ina. Me ya hana dokar aiki? Labarin wasu ƴan mata biyu, ya da ƙanwa, a can gabashin duniya zai taimaka mana wajen fahimtar amsar. Amma kafin labarin, mu fara sanin ita ledar kanta.

Mece ce leda, kuma ina illarta?

Ana yin leda da wani sinadari mai suna foli'etilin, wanda ake samu daga man fetur da iskar gas. Irin ledar cefanen nan mai hannu biyu wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, kamfanin da yake wa aiki ya yi mata rajista a 1965. Kun ga ke nan ba tsohon abu ba ce. Kakanninmu sun yi rayuwarsu kaf, sun ci kasuwa sun yi fatauci, ba su taɓa ganin ta ba.

Abin da ya sa aka so ta shi ne kuma ya zama matsalarta. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ruwa ba ya ratsa ta, kuma ba ta ruɓewa. Ganye ko takarda ko tsumman auduga idan suka faɗi ƙasa, gara da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa suna cinye su, su koma taki. Ita leda waɗannan halittu ba sa iya cin ta. Rana ce kawai take gasa ta har ta yi rauni ta dagargaje, ta zama gutsattsari ƙanana, su cakuɗa da ƙasa da ruwa. Ido ya daina ganin ta, amma tana nan. Abin da aka yi amfani da shi na minti goma, daga wurin mai tumatir zuwa gida, sai ya daɗe a ƙasa fiye da wanda ya saye shi.

Ɓarnarta ta fi fitowa ta hanya huɗu.

Ta farko, toshe magudanan ruwa. Idan damina ta sauka, ruwa ya rasa hanya, sai ya koma cikin gidaje, ya jiƙa gindin katangar ƙasa. Wanda ya kwanta kuma ya zama wurin ƙyanƙyasar sauro, ga zazzaɓin cizon sauro nan biye. Ƙasar Bangaladesh ita ta fara hana leda maras kauri a duniya, a 2002, bayan an gano cewa ledar da ta toshe magudanai ta ƙara tsananta ambaliyar da ta yi musu ɓarna a 1988 da 1998.

Ta biyu, dabbobi. Akuya ko tunkiya ko saniya tana jin ƙamshin abinci ko gishiri a jikin leda, sai ta haɗiye. Tumbinta ba ya narkar da ita, kuma ba ta wucewa. Sai ta taru ta cure ta cika wurin da ya kamata ciyawa ta shiga. Dabba ta riƙa jin ta ƙoshi alhali yunwa ce ke cin ta, ta rame, nono ya ragu, wani lokaci ta mutu. Ku tambayi mahauta abin da suke fitarwa daga tumbi, ko ku tuna abin da wasunmu suka gani da idonsu ranar layya.

Ta uku, gona. Manomi yana kwasar shara daga gari ya kai gona don taki, leda ta bi. Idan ta binne, tana tare ruwa ya kasa ratsa ƙasa yadda ya kamata, tana kuma tare saiwar shuka.

Ta huɗu, hayaƙi. Idan aka tara ta aka cinna mata wuta, ko aka hura gawayi da ita kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, hayaƙin yana cutar da huhu, musamman na yara da tsofaffi da masu ciwon asma.

Tsibirin Bali da matsalarsa

Indonesiya ƙasa ce ta tsibirai fiye da 17,000, kuma an daɗe ana lissafa ta a matsayin ƙasar da ta fi yawan Musulmi a duniya. Bali ɗaya ne daga cikin tsibiranta. Mutanensa sun haura miliyan 4, mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne, kuma arzikinsu ya dogara sosai ga baƙi masu zuwa yawon buɗe ido a bakin teku.

Mu a nan iska ce take ɗaukar leda ta kai daji. Su a can koguna ne suke kwasar ta su zuba a teku, in lokacin damina ya zo kuma igiyar ruwa ta dawo musu da ita bakin gaɓa. Wani bincike da aka buga a mujallar kimiyya ta Science a 2015 ya sanya Indonesiya ta biyu a duniya, bayan ƙasar Sin, wajen yawan tarkacen roba da ke shiga teku. A ƙarshen 2017 sai da hukumomi a Bali suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan shara a wani yanki na gaɓar teku da ya haɗa da Kuta, saboda tulin da ruwa ya kawo. A Nuwamba 2018 kuma aka tsinci gawar wani ƙaton kifi irin dabbar teku a yankin Wakatobi na ƙasar, aka samu kusan kilo 6 na roba a cikinsa, har da kofunan roba 115 da leda 25. Kun ga abin da ke samun akuyarmu shi ne yake samun halittun ruwa a wurinsu.

Yadda yaran suka fara

A 2013 Melati Wijsen tana da shekara 12, ƙanwarta Isabel tana da 10. Wata rana a makarantarsu aka yi musu darasi a kan mutanen da suka kawo sauyi a duniya, irin su Nelson Mandela da Mahatma Gandhi. Suka koma gida suna tambayar junansu: mu yanzu, muna yara, me za mu iya yi wa tsibirinmu? Suka zauna suka lissafa matsalolin Bali, suka ga shara ta fi damun su. Amma shara gaba ɗaya ta fi ƙarfin yaro. Sai suka zaɓi abu guda da kowa zai iya cewa ba ya so, wato ledar cefane. Sun kuma ji cewa Ruwanda, ƙasar Afirka da ba ta fi su arziki ba, ta hana leda tun 2008. Suka ce in Ruwanda ta iya, Bali ma za ta iya. Suka kafa ƙungiya da abokan karatunsu, suka sa mata suna Bye Bye Plastic Bags, ma'ana sallama da leda.

Ɗalibai, ku lura da matakan da suka bi, don a nan darasin yake.

Sun fara da ilimi. Suka riƙa shiga makarantu suna yi wa yara ƴan uwansu bayani, daga baya suka shirya ɗan littafi da harshen ƙasar don ƴan firamare. Yaron da ya gane abu a aji, gida zai kai shi, ya faɗa wa uwarsa, ita ce kuwa mai zuwa kasuwa.

Sannan suka ba mutane madadi. Suka zaɓi ƙauye ɗaya mai suna Pererenan ya zama wurin gwaji, suna zuwa suna raba wa masu shaguna jakunkunan da ake iya maimaita amfani da su. Shagon da ya daina ba da leda kuma su manna masa alama a ƙofa, kowa ya gani. Daga baya suka taimaka aka kafa wata sana'a ta mata a wani ƙauyen kan dutse, matan suna ɗinka jakunkuna da tsofaffin yadudduka suna samun abin kashewa.

Sai kuma tara sa hannu. Suka ƙudura samun sa hannun mutum miliyan ɗaya don su kai wa hukuma. Su da kansu sun ba da labari cewa sai daga baya suka gane miliyan ɗaya dubu sau dubu ne, abin ba wasa ba. Suka ce to ina mutane suka fi taruwa? Filin jirgin sama. Suka yi ta zarya ofis ofis ana mayar da su, har shugaban filin ya gaji ya ba su izinin shiga. Ba su kai miliyan ba, amma sun tara wajen dubu ɗari, kuma duk wanda ya sa hannu ya ji bayani.

Duk da haka gwamnan Bali na lokacin, Made Mangku Pastika, bai ba su damar ganin sa ba. A wata tafiya da suka yi Indiya sun ziyarci gidan tarihin Gandhi, suka ji yadda yake ƙaurace wa abinci don a saurare shi, sai suka ce su ma za su yi. Iyayensu ba su sake musu haka kawai ba. An nemi shawarar masanin abinci, aka tsaya a kan su bar ci daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kaɗai. A fahimta, wannan ba azumin ibada ba ne, hanya ce ta jan hankalin hukuma, kuma ba ita nake kira ga ɗalibanmu su kwaikwaya ba. Labarin ya bazu, ba a jima ba aka aiko aka kai su ofishin gwamna. A 2014 ya sa hannu a takardar alkawarin taimakawa a raba Bali da leda, daga baya aka sa 2018 a matsayin wa'adi.

Da wasu ne, da sun ce aiki ya ƙare tunda gwamna ya sa hannu. Su ba su tsaya ba. A 2015 suka yi jawabi a dandalin TED a birnin Landan, duniya ta ji su. A 2017 suka yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar tekuna ta duniya. A shekarar ce kuma, tare da wasu ƙungiyoyi, suka shirya gangamin sharar gaɓar teku wanda mutum wajen 12,000 suka fito a rana ɗaya suka kwashe shara tan 40 da ɗoriya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana tuna wa hukuma alkawarin da ta ɗauka.

A Disamba 2018 sabon gwamna, Wayan Koster, ya fitar da doka mai lamba 97 ta shekarar, wadda ta hana ledar cefane, da tsinken roba na zuƙar abin sha, da farin kwanon soso na zuba abinci. Aka ba ƴan kasuwa wata shida su shirya, dokar ta fara aiki sosai a tsakiyar 2019. Wasu masu harkar roba suka kai ƙara kotun ƙoli, kotu ta yi watsi da ƙarar. A Yuli 2020 babban birnin ƙasar, Jakarta, shi ma ya hana ledar cefane a manyan shaguna da kasuwanni. Daga darasin aji zuwa doka, shekara biyar da wani abu.

A faɗi gaskiya

Kada wani ya ɗauka yara biyu ne kaɗai suka yi wannan aiki. Akwai ƙungiyoyi da yawa a Bali da suka daɗe suna fama, akwai iyaye da malaman makaranta da suka tsaya musu, kuma hukuma tana tsoron kada baƙi su guji tsibirin saboda ƙazanta. Malaman addini na ƙasar ma sun sa baki. Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2014 cewa zubar da shara barkatai haramun ne saboda cutar da yake jawowa, babbar ƙungiyar Nahdlatul Ulama kuma ta tattauna batun sharar roba a taronta na 2019 ta tafi a kan irin wannan hukunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada kuma a ɗauka Bali ta rabu da leda ƙaƙaf. Manyan shaguna sun daina bayarwa, amma a ƙananan kasuwanni har yanzu ana samun ta, kuma duk damina teku tana dawo da tarkace bakin gaɓa. Abin da ya canza shi ne, mutane da yawa sun saba fita da jakarsu, kuma yaran da suka tashi cikin wannan gangami sun san leda matsala ce.

Ina bambancinmu da su?

Ku duba jerin yadda abin ya gudana. A Bali an yi shekara biyar ana bayani, ana raba jaka, ana shara, ana tara sa hannu, sannan doka ta zo ta tarar da mutanen da suka riga suka ji. A wurinmu doka ce ta riga zuwa. Ta tarar da mai tumatir da bai san da ita ba, da mai saye da bai fito da kwando ba, da kasuwar da ba ta da wani abin ƙunshi mai araha. Maƙwabtanmu ma sun gwada. Kamaru ta fara aiki da dokar hana leda maras kauri a 2014, amma ana ta shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. A Injamena hukumar birni ta matsa sosai a 2010 har leda ta yi wuya a gari na wani lokaci. Kenya ta kafa doka mai tsanani a Agusta 2017, da tara mai nauyi ko ɗauri har shekara huɗu. Abin da ake gani a duk waɗannan wurare shi ne, muddin mai saye yana miƙa hannu yana cewa "sa mini a leda", wani zai nemo hanyar kawo ta.

Kuma dole mu yi adalci. Akwai bayin Allah da abincinsu yake cikin wannan harka: yaran da ke tallan leda a kasuwa, masu ƙulla ruwan sanyi, mata masu sayar da kunu da fura da mai na dala ashirin. Talakan da ke sayen sukari ɗan kaɗan kullum ba zai samu gwangwani a rufe ba. Saboda haka ba a fara wannan aiki da zagi ko ƙwace kayan mutane. Ana fara shi daga ledar da ba dole ba, kuma ita ce ta fi yawa. Sabulu ɗaya leda, ashana leda, burodin da ke cikin leda a sake saka shi a wata ledar.

Abin da ɗalibanmu za su iya

Mu yi ɗan lissafi na misali. Makaranta mai ɗalibai 200, idan gidan kowane ɗalibi ya rage leda uku kacal a rana, an rage 600 a yini, 18,000 a wata, sama da 200,000 a shekara. Makaranta ɗaya ke nan, ba tare da an kashe ko dala ba.

To ta ina za a fara?

A fara da ƙidaya. Kowane ɗalibi ya ƙirga ledar da ta shigo gidansu cikin mako ɗaya, ya kawo adadin wurin malaminsa, a tara a rubuta a allo. Mutum ba ya gyara abin da bai san girmansa ba.

Sai riƙon mazubi. Yaron da aka aika sayen koko ko waina ko tuwo ya tafi da kwano mai murfi, wanda aka aika cefane ya ɗauki kwando ko jaka. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da ƙwarya da kwando da sanho na kaba iyayenmu suka ci kasuwa, kuma masu saƙa su suna nan, ciniki suke jira. Tela ma zai iya ɗinka jaka da ragowar atamfa ko da buhun shinkafa da aka juye. Ga kuma ƙarin amfani: masana lafiya suna gargaɗi a kan zuba abinci mai zafi a leda.

Sai wuri guda na gwaji, kamar yadda yaran Bali suka zaɓi ƙauye ɗaya. A ɗauki harabar makaranta da layin da ke gabanta. A sa mazubin shara, a sa ranar shara sau ɗaya a mako, a buɗe magudanar ruwa kafin damina. Ranar ɗaurin aure ko sadaka ko buɗa-baki, da ake raba ruwan leda, a wakilta yara biyu ko uku da buhu su tattara ledar kafin jama'a ta watse. Kada yaro ya shiga magudana ko ya taɓa shara da hannu tsirara, kuma kada a ƙone abin da aka tara a kusa da gidaje. Manya su nemi masu kwasar shara na unguwa.

Sai magana da masu shaguna, cikin ladabi. A gaishe da mutum, a ce: "Baba, daga makaranta muke. Muna roƙo, in mutum ya sayi abu ɗaya, a tambaye shi ko yana buƙatar leda kafin a ba shi." Mai shago da kuɗinsa yake sayen ledar nan, ragin riba ce gare shi.

Daga ƙarshe, bayan an yi wata uku ko huɗu ana aiki kuma akwai abin nunawa, sai ɗalibai da malamansu su rubuta takarda su kai wa mai unguwa da magajin gari: ga abin da muka ƙirga, ga abin da muka yi, ga taimakon da muke nema. Hukuma ta fi sauraron wanda ya zo da aikin da ya riga ya fara.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya ce "Inna, ga jaka, kada a karɓo leda", kada a gwale shi a ce yaushe aka haife ka. Melati da Isabel sun kai inda suka kai ne saboda manyan da ke kewaye da su sun saurare su, sun kuma hana su abin da zai cutar da su. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya saba riƙe kwandonsa yana ɗan shekara goma, da wuya ya bari in ya girma.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya da damina mai albarka.